Manhajata ta tsaya cak tana karɓar bayanai daga intanet, ina matsalar?

Tambayoyin nan na wani ƙanena ne mai koyon yaren rubuta manhaja na Python a Birnin Kebbi. Ya haɗa 'yar manhaja da laburaren Requests (kayan aikin Python na aika buƙata ta intanet), tana janyo bayanai daga wata uwar garke (kwamfutar da ke aiko da bayanan) kaɗan-kaɗan ba yankewa, da datar wayarsa. Sai ta yi ta aiki, can kuma ta yi shiru kamar an aiki Bawa garinsu, ko saƙon kuskure babu.

Yaya, manhajar ta mutu ne?

Tana raye, jira take. Danna Ctrl+C ka duba layukan ƙarshe, galibi za ka tarar ta tsaya a socket.py ko ssl.py, wurin karɓa. Idan sabis ya ɗauke farat ɗaya, uwar garken ba ta samun damar yi maka sallama, kuma a tsarin TCP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen musayar bayanai, shiru ba laifi ba ne. Kamar kana waya da direba a hanyar Argungu, layi ya yanke, kai kuma kana riƙe da waya a kunne kana zaton tunani yake. Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na da hanyar leƙa ko layin na nan, amma ko an kunna ta, a saitin asali sai an yi daƙiƙa 7200 ana shiru, awa biyu ke nan.

To laburaren ba zai gaji ya haƙura ba?

Requests ba ya gajiya. In ba ka ba shi wa'adi ba, jiran gawon shanu zai yi ta yi. Rubuta timeout=(5, 30): daƙiƙa 5 na ƙulla layi, 30 na jiran bayani. Wani laburare mai irin wannan aiki, httpx, da wa'adin daƙiƙa 5 yake zuwa, ni a ganina ya fi hankali.

Na sa 30, amma ta kai awa guda ba ta yanke layin ba.

Nan mutane da yawa ke ruɗewa. 30 ɗin ba ta aikin gaba ɗaya ba ce, ta tazarar da ke tsakanin bayani da bayani ce. In uwar garken na ɗigo harafi ɗaya kowace daƙiƙa 20, lissafi sabo ake farawa kullum. In kana son iyaka ga aikin duka, riƙe agogonka da time.monotonic(), ka duba shi duk lokacin da bayani ya iso.

Idan sabis ƙalau ne fa?

Sai ka fara zargin kanka. In ba ka sa stream=True ba, Requests na jiran ƙarshen saƙo kafin ya miƙo maka komai, haka ma r.text ko r.json() ke yi, kwararon da ba ya ƙarewa kuwa ba shi da ƙarshe. Sa stream=True, ka karanta da iter_lines. In har yanzu shiru, gwada adireshin da curl, wata manhajar janyo bayanai ta daban: curl -N -v. Idan shi ma curl ya tsaya, ba laburaren ba ne. Sau da yawa nginx ne, wata manhaja da ake sawa tsakaninka da uwar garke, yana tara bayanai kafin ya sako, domin haka yake a saitinsa na asali.

Idan wa'adin ya cika, me zan yi?

Rufe layin, ka ɗan dakata, ka sake ƙullawa, kana ninka jiran: daƙiƙa 1, 2, 4, kada ka dami uwar garken mutane. Ka kuma lura, in wa'adi ya cika ana tsakiyar karatu, kuskure mai suna ConnectionError Requests ke jefowa, ba Timeout ba, don haka ka kama dukansu biyu.