Keke ya dawo, amma direba ba ya ganinka bayan magariba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kekunan da suka yi shekaru a jingine cikin zaure suka dawo kan kwalta. Malamin makaranta, yaron shago a Kantin Kwari, har ma'aikacin da ya ajiye mota, kowa ya kai wa mai gyara an sa sabuwar taya da kaca. Mu ma'aikatan lafiya muna murna da haka, domin tuƙa keke na taimaka wa mai hawan jini da mai ciwon suga, ga aljihu ya huta. Sai dai waɗanda ake kawo mana ɗakin agajin gaggawa, yawancinsu tsakanin magariba da isha'i haɗarin ke samunsu.

Wani dare aka shigo da yaro, bai wuce shekara 14 ba, an aike shi sayo gawayi a kan kekensa, ɗan sahu ya kwashe shi. Direban na ta rantsuwa: "Wallahi likita ban gan shi ba!" Ni kam na yarda da shi. Keken ba fitila, jan madubin baya ya daɗe da fashewa, yaron cikin baƙar riga, titin ba wuta, kuma ya biyo hannun da ba nasa ba. Kai da ke bisa keke kana ganin fitilar mota tun daga nesa, sai ka ɗauka shi ma yana ganinka. Ba ya ganinka. Saboda haka ka ɗaura farar fitila a gaba, ja a baya, ko da 'yar tocila ce mai caji, ka sa kaya masu haske, ka bi hannunka na dama. Ka gwada birki kafin ka fita. Jan silifa a ƙasa ba birki ba ne.

Sai maganar hular kwano, wadda na san ba a son ji. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta wa masu babur sanya ta a farkon 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a kai, aka yi ta dariya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai inganci na rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100 ga mai babur. Kan mai keke ma ba dutse ba ne. Karayar ƙafa tana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa kuwa ba mai ɗora ta.

Gwamnati ma da nata. An hana goyo a acaɓa a Kano tun 2013, an gina gadojin sama da na ƙasa, amma da wuya ka ga titin da aka ware wa mai keke ko da taku uku, sai ya yi ta kutsawa tsakanin tifa da 'yan sahu masu tsayawa inda suka ga dama.

In an buge wani a gabanku, kada a ɗaga shi a jijjiga, kada a ɗura masa ruwa, a riƙe kai da wuya a miƙe, a kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra. In kuma ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, 'yan gida su sa masa ido kwana biyu, domin jini kan taru cikin kai a hankali. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake shan wuyar tashinsa, maganar da ba kan gado, jijjiga, ko jini da ruwa daga kunne ko hanci, ko ɗaya aka gani a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ba kemis ba, ba wurin mai ɗori ba.