Mataimakin Malami a Aji

Mataimakin malami ma'aikaci ne da makaranta ke ɗauka domin ya kasance cikin aji tare da malami, yana tallafa wa ɗalibai a karatunsu da sauran buƙatunsu, ba tare da ajin ya zama nasa ba. Malami ke tsara darasi, kuma shi ake tambaya idan yara suka iya ko suka kasa. Mataimaki yana aiki ne a ƙarƙashin jagorancinsa. Ba shi ne ɗalibin kwalejin ilimi da ake turawa gwajin koyarwa na 'yan watanni ba, domin wannan malanta yake koyo, shi kuwa mataimaki aikinsa ke nan. An fi samunsa a ajin renon yara da firamare da makarantun masu buƙata ta musamman. A Ingila, inda aikin ya fi kafuwa kuma aka fi bincikensa, sama da kashi 90 cikin 100 na masu yin sa mata ne.

Asali

Tun da aka fara tara yara da yawa a gaban malami ɗaya ake neman mai kama masa. A makarantar allo gardawa ne ke rubuta wa ƙolaye allo, su biya musu, su saurari haddarsu kafin a kai ga malam. A Ingila an yi makamancin haka a tsarin monita na Andrew Bell da Joseph Lancaster (Lancaster ya buɗe makarantarsa a Landan a 1798): malami ya koya wa manyan yara, su kuma su koya wa ƙanana. A 1846 gwamnati ta fito da tsarin ɗalibi-malami, inda ake biyan matasa su yi shekara biyar suna koyarwa suna koyo. Sai dai duk waɗannan ɗalibai ne. Ɗaukar baligi a biya shi albashi don ya taimaka a aji abu ne da ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

A Amurka ƙarancin malamai ne ya jawo shi. A farkon shekarun 1950 Gidauniyar Ford ta ɗauki nauyin wani gwaji a garin Bay City na jihar Mishigan, inda aka ɗauki mata su riƙa yin ayyukan rubuce-rubuce da kula da yara don malamai su samu sararin koyarwa. Dokar ilimin firamare da sakandare ta 1965 ta ware kuɗi ga makarantun 'ya'yan talakawa, aka ɗauki mataimaka masu yawa daga unguwannin da yaran suka fito. Dokar 1975, wadda ta ba yara masu nakasa haƙƙin karatu kyauta a makarantun gwamnati, ta ƙara yawansu matuƙa.

A Ingila rahoton Plowden na 1967 ya ba da shawarar a samar wa malaman firamare mataimaka. Rahoton Warnock na 1978 da dokar ilimi ta 1981 suka buɗe wa yara masu buƙata ta musamman ƙofar makarantun kowa da kowa, kuma sau da yawa tallafin da ake rubuta wa yaro a takardar da ke bayyana buƙatunsa awoyi ne na mataimakiya. Babban sauyi ya zo a watan Janairun 2003, lokacin da gwamnati da mafi yawan ƙungiyoyin ma'aikatan makaranta suka sa hannu kan yarjejeniyar rage wa malamai nauyi. Aka ɗauke musu ayyuka irin su karɓar kuɗi, buga takardu da yawa da manna ayyukan yara a bango, sannan daga Satumban 2005 aka ba kowane malami kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa don shirya darasi da duba aiki. Dole wani ya tsaya a aji a wannan lokaci. Daga nan aka ƙirƙiro matsayin babban mataimakin malami, wanda aka yarda ya riƙe aji shi kaɗai bisa tsarin da malami ya yi. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙi sa hannu, tana mai cewa hanya ce ta damƙa aji ga wanda ba malami ba don a rage kashe kuɗi. Yawan mataimaka, idan aka lissafa su a ma'aunin masu cikakken aiki, ya tashi daga kimanin 79,000 a shekarar 2000 zuwa sama da 240,000 a 2013, kuma ya haura 280,000 a 2023.

Aikin yau da kullum

Mataimakiya kan riga yara shiga aji ta shirya kayan aiki. Idan malami yana bayani, takan zauna kusa da waɗanda hankalinsu ke saurin tafiya ko waɗanda ba su ji harshen koyarwa sosai ba. Tana sauraron karatun yara ɗaya bayan ɗaya, tana jan rukunin uku ko huɗu gefe don maimaita ƙidaya ko haɗa baƙi da wasali, tana lura da su a filin wasa da wurin cin abinci, tana rubuta abin da ta gani ta miƙa wa malami. A ajin ƙanana akwai kai yaro bayan gida, sauya masa tufafi, da lallashin mai kuka. Wadda aka haɗa da yaro mai nakasa za ta iya taya shi motsi da keken guragu, ta yi masa maganar hannu, ko ta ba shi magani idan an horar da ita kuma iyaye sun amince a rubuce.

Faransa ta raba aikin kashi biyu. A makarantun renon yara akwai ma'aikatan da ake kira ATSEM, waɗanda hukumar gari ke ɗauka don tsafta da kula da ƙanana, sai kuma AESH, matsayin da aka kafa a 2014 don masu rakiyar ɗalibai masu nakasa.

Abin da bincike ya nuna

Kowa zai ɗauka cewa ƙarin baligi a aji ƙarin ilimi ne. Manyan bincike guda biyu sun nuna ba lallai ba ne.

Na farko gwajin STAR ne da aka yi a jihar Tenesi ta Amurka daga 1985 zuwa 1989. An raba yara ta hanyar ƙuri'a zuwa ƙaramin aji mai ɗalibai 13 zuwa 17, da aji na yau da kullum mai 22 zuwa 25, da irin wannan aji amma da mataimakiya. 'Yan ƙaramin aji sun yi fice. Ajin da ke da mataimakiya kuwa bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba a kan wanda ba shi da ita.

Na biyu ya fi tayar da hankali. Binciken DISS kan yadda makarantu ke amfani da mataimaka, wanda Farfesa Peter Blatchford na Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan ya jagoranta daga 2003 zuwa 2009, ya bi diddigin ɗalibai kusan 8,200 a Turanci da lissafi da kimiyya. Ya gano cewa yaran da suka fi samun taimakon mataimakiya sun fi jinkirin ci gaba a kan takwarorinsu da suka samu kaɗan ko ba su samu ba, ko da an cire tasirin raunin da yaro ya zo da shi tun farko. Abin ya fi tsanani ga masu buƙata ta musamman, wato waɗanda aka kawo mataimakiyar dominsu.

Masu binciken ba su ɗora laifin a kan mataimaka ba, kuma daidai suka yi. Matsalar tana ga yadda makarantu ke amfani da su. Da zarar an haɗa yaro mai rauni da mataimakiya, sai malami ya ɗauke ido daga kansa ya fuskanci sauran aji. Yaron ya wuni a kusurwa ko a baranda tare da ita, ya rabu da malami, ya rabu da darasin da ake yi, ya rabu da abokansa. Yaron da ya fi kowa buƙatar ƙwararre shi aka miƙa wa wadda ta fi kowa ƙarancin horo, kamar asibitin da likita ke duba masu mura ya bar mai ciwo mai tsanani a hannun ma'aikaciyar jinya. Kimanin kashi uku cikin huɗu na malaman da aka tambaya ba a taɓa koya musu yadda za su yi aiki da mataimaka ba, kuma kusan adadi ɗaya ba su da wani lokaci da aka ware don su zauna da su. Mataimakiya takan shiga aji ba ta san abin da za a koyar ba, sai ta tsinta daga bakin malami tare da yara. Da aka naɗi maganganunsu, an ga cewa malami ya fi buɗe tambaya don yaro ya yi tunani, ita kuwa ta fi damuwa da a gama aikin, har takan ba da amsa da kanta. Tausayi ne ke sa ta haka, amma yaron da kullum ake cika masa gurbi yakan saba da jira.

Binciken ya kuma tabbatar da amfaninsu ta wata fuskar: malamai sun ce nauyi da gajiya sun ragu, aji ya fi natsuwa, kuma yara sun fi samun mai kula da su ɗaya-ɗaya.

A 2015 gidauniyar EEF, mai tallafa wa binciken ilimi a Ingila, ta fitar da jagora ga makarantu bisa waɗannan sakamako. Ta ce kada mataimakiya ta zama madadin malami ga masu rauni. Wani lokaci ita ta zagaya cikin aji, malami ya zauna da su. Ta kuma nuna inda mataimaka suka fi tasiri, wato gajerun darussa masu tsari da ake yi da yaro ɗaya ko ƙaramin rukuni, sau uku zuwa biyar a mako na tsawon makonni, bayan an horar da su a kan wannan darasi takamaimai. A irin wannan yanayi yara kan samu ƙarin ci gaba na kimanin wata uku zuwa huɗu a shekara. Misali shi ne shirin NELI na makonni 20, wanda mataimaka ke gudanarwa don buɗe bakin yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar.

Horo da sharuɗɗan ɗauka

A Ingila babu wata takardar shaida da doka ta wajabta. Makaranta ce ke gindaya sharaɗinta, galibi cin Turanci da lissafi a jarrabawar kammala sakandare, tare da binciken 'yan sanda na hukumar DBS, wanda ya zama dole ga duk mai aiki da yara. Da yawa sukan fara da aikin sa kai a makarantar da 'ya'yansu ke karatu. Akwai takardun mataki na 2 da na 3 a fannin tallafa wa koyo da koyarwa, da kuma koyon aiki na kimanin wata 18 wanda ake yi ana karɓar albashi. Darussan sun ƙunshi yadda yaro ke girma, kare yara daga cutarwa da sanin wanda za a kai wa rahoto, ladabtarwa ba da duka ba, taimakon gaggawa, da riƙe sirrin iyali. Mai neman matsayin babban mataimaki sai an auna shi a kan ƙa'idoji 33.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne jan hannu. Ana horar da mataimakiya ta fara da yin shiru ta bar yaro ya gwada. Idan ya cije, ta tambaye shi me zai fara yi. In bai gane ba ta ba shi alama. Sai daga baya ta nuna masa misali. Faɗa masa amsa shi ne na ƙarshe.

Amurka ta fi tsaurara sharaɗi. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2002 ta ce mai taimakawa a koyarwa a makarantun da ke karɓar tallafin 'ya'yan talakawa sai ya yi shekara biyu a babbar makaranta, ko ya samu ƙaramin digiri, ko ya ci jarrabawar da ke nuna ya iya karatu da rubutu da lissafi. A Faransa ana shiga aikin ATSEM ne ta jarrabawar gasa, yawanci bayan takardar sana'a ta kula da ƙananan yara.

Albashin kuwa ƙarami ne. A Ingila akasari ana biyan makonnin da makaranta ke buɗe ne kawai da 'yan kwanakin hutu, kuma awoyin ba su cika na cikakken aiki ba, shi ya sa lokacin zama da malami kafin yara su zo yakan zama kyauta. Makarantar da ke son wannan zama ya tabbata sai ta saka shi cikin awoyin da take biya.

Indiya, Gana da Najeriya

Inda aji ke da yara saba'in ko ɗari, lamarin yakan sauya. A biranen Vadodara da Mumbai na Indiya, ƙungiyar Pratham ta ɗauki 'yan mata daga unguwa, ta horar da su na mako biyu, ta ba kowace yara 15 zuwa 20 da aka bari a baya, awa biyu kullum, suna koyon karatu da ƙidaya daga inda suka tsaya. Binciken Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna makin yaran ya tashi, musamman na mafi rauni. Gana ta gwada irin wannan a makarantu 500 tsakanin 2010 da 2013, da matasan da suka gama sakandare a ƙarƙashin shirin samar wa matasa aiki. An samu ci gaba, amma bai kai yadda ake fata ba, saboda sau da yawa darussan ba sa gudana kamar yadda aka tsara.

A Najeriya mafi ƙarancin shaidar malanta ita ce NCE, kuma hukumar TRCN ke yi wa malamai rajista. Mataimaka an fi ganinsu a azuzuwan renon yara na makarantun kuɗi. Shirin N-Power da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 ya tura matasa masu digiri da NCE da difloma makarantun gwamnati a matsayin mataimakan malamai, a kan alawus na ₦30,000 a wata. A makarantun da malamai suka yi ƙaranci, da yawansu ba su tarar da wanda za su taimaka wa ba, aji guda aka damƙa musu tun ranar farko.