Yawa bai hana ƙarewa ba: labarin wani tsuntsu da wani tsiro

Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayen ƙirji da daɗin kuka, masana na kiransa Emberiza aureola. A da yana hayayyafa tun daga Finlan har zuwa Japan, idan sanyi ya shigo sai ya gangara kudancin Sin da kudu maso gabashin Asiya. Saboda yawansa, babu wanda ya taɓa tunanin zai shiga haɗari. Amma daga 1980 zuwa 2013 yawansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari, a 2017 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Me ya jawo? Raga. Tsuntsayen kan taru garke guda su kwana cikin ciyayin bakin gonakin shinkafa, sai masu kamu su shimfiɗa musu raga, su kwashe su a kai kasuwa a ci. Sin ta haramta cinikinsu a 1997, amma aka ci gaba a ɓoye. Abin takaici ne ƙwarai, domin haɗin kan da ke kare su daga shaho shi ya miƙa su ga ɗan Adam.

Shi kuwa tsiro mai tarkon ƙuda, Dionaea muscipula, tun asali duniyarsa ƙarama ce: jihohin Karolaina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Ƙasar wurin mai dausayi ce marar taki, don haka yake cike giɓin da ƙwari. Idan ƙwaro ya taɓa gashin cikin ganyen sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20, ganyen ya rufe ke nan. Yana son rana, kuma wutar daji ce ke share masa ƙirare masu yi masa inuwa, saboda haka hana wutar gaba ɗaya ya cutar da shi. Ga gine-gine, ga masu tono shi su sayar, har sai da Karolaina ta Arewa ta mai da satarsa babban laifi a 2014.

Ina roƙonku, kada ku sayi tsuntsun da aka kamo daga daji, ko don ci ko don keji. Mai sha'awar wannan tsiro kuwa ya tambayi mai sayarwa inda ya samo shi. Ana renonsa daga iri a lambuna, babu dalilin tono na daji.