Yasmin a tukunya: yadda zai rayu ya yi fure a gidajen Kebbi

Uwargida ko maigida ya sayo dashen yasmin wurin masu sayar da furanni a bakin titi, ganye shar, fure fari tas, a kai shi falo a ajiye kusa da talabijin. Kafin wata ya zagayo fure ya zube, ganye ya yi rawaya, sai a ce ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba. Ƙasar ba ta da laifi. Yasmin ɗan ƙasashe masu zafi ne, kuma zafin Birnin Kebbi ko Argungu ba baƙonsa ba ne. Abin da ke kashe shi a gidajenmu duhun ɗaki ne da ruwan da ke kwanciya a gindin tukunya. Wanda ya gyara waɗannan biyun ya gama da mafi yawan wahalar.

Yasmin ɗin da muke magana a kai shi ne wanda masana tsirrai ke kira Jasminum sambac. Asalinsa daga kudancin Asiya yake, shi ne furen ƙasa na Filifin, kuma da shi ake ƙamsasa ganyen shayi a ƙasar Sin. Ganyensa bibbiyu ne suna fuskantar juna a kowace gaɓa. Furensa ƙarami ne fari, yana buɗewa da dare, ƙamshin ya fi ƙarfi daga magariba zuwa asuba, kuma fure ɗaya ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai ya dafe ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. A lura sosai wajen saye, domin akwai wata shuka da ake kira sarauniyar dare, Cestrum nocturnum, mai dogon siririn fure da ƙamshi mai hawa kai. Ganyenta da 'ya'yanta guba ne ga yara da awaki. Ganyenta ɗaya-ɗaya yake fitowa a jikin reshe, ba bibbiyu ba, da wannan za a bambance su ko da babu fure.

Maganar wuri ita ce gaba da komai. Yasmin yana son rana ta taɓa shi kai tsaye na awa 4 zuwa 6 a wuni kafin ya yi fure mai yawa. Falon da labule ke sauke dare da rana ba zai ba shi wannan ba, hasken ƙwan lantarki kuma ba ya maye gurbin rana. Alamar ƙarancin haske a fili take: reshe ya yi tsawo ya sirance, tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ta ƙaru, ganye ya yi laushi, fure kuwa shiru. Wuri mafi kyau a gidan Bahaushe shi ne baranda ko gefen tsakar gida da ke kallon gabas, inda hantsi zai same shi, inuwa ta rufe shi daga azahar. Jikin bangon da ke kallon yamma kuwa a guje shi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Bangon siminti yana shan zafi duk wuni, ya yi ta mayar wa shukar har bayan isha'i, sai ka ga bakin ganye ya ƙone kamar an babbaka.

To, wanda ke son ƙamshin a cikin ɗaki fa? Dabarar ita ce tukwane biyu. Ɗaya tana waje tana shan rana, ɗaya kuma da ta fara fure a shigo da ita kusa da tagar da ta fi haske, ta yi kwana 3 ko 4 a mayar da ita a ɗauko 'yar'uwarta. Kada a ajiye ta daidai inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa, busasshiyar iska ce, tana zubar da fure tun bai buɗe ba. Gidan da ke da mai asma ko jariri, a bar tukunyar a baranda, kada ta kwana a rufaffen ɗakin barci.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba nesa ba kusa ba. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka take sanyaya saiwa, saboda danshi na fita ta jikinta. Baƙin bokitin roba a ranar bazara dafa saiwa yake yi. Idan shi kaɗai ake da shi, a naɗe shi da buhun algarara ko a zura shi cikin wani mazubi da ya fi shi girma. Ƙaramin dashe ya fara da tukunya mai faɗin baki santimita 20 zuwa 25, bayan shekara ɗaya ko biyu a sauya masa mai 30 zuwa 35. Zura ɗan dashe a ƙatuwar tukunya kuskure ne, don ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan zauna a jiƙe har ta ruɓar da shi. Dole a huda gindin, huda 4 ko 5 masu faɗin ɗan yatsa, a kifa gutsuren fasasshiyar tukunya a kan kowace don kada ƙasa ta toshe ta, sannan a ɗora tukunyar a kan bulo biyu. Ɗorawar tana barin ruwa ya fice, tana kuma rage wa gara hanyar shiga.

A Kebbi an saba ganin baƙar ƙasar fadama tana ba da shinkafa, shi ya sa mutane ke ɗebo ta su cika tukunya. Laka ce. A tukunya idan ta jiƙe sai ta cuɗe ta hana saiwa numfashi, idan ta bushe ta tsage ta yi tauri kamar tubali. Haɗin da ya dace a auna shi da kwano ɗaya: kwano 2 na ƙasar lambu mai laushi, kwano 1 na yashin gulbi mai kaushi, kwano 1 na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, da rabin kwano na buntun shinkafa. Buntu ba ya wahalar samu wurin masu injin casa, kuma ya fi amfani idan ya tsufa ko an babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba. Takin da ya ruɓe ba shi da wari, ba ya ɗaukar zafi, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. Bayan an haɗa a gwada: a zuba ruwa, idan ya fara ɗiga ta ƙasa cikin minti ɗaya haɗin ya yi, idan ya tsaya a sama a ƙara yashi.

Ban ruwa ba shi da jadawali ɗaya duk shekara. A tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in an ji bushewa a zuba har ya fito ta gindi, in da danshi a ƙyale. Da bazara hakan kan kai safe da yamma. Da hunturu girma yana ja baya, sau ɗaya a kwana 2 ko 3 ya isa. Da damina, musamman a Agusta, aikin shi ne kare shi daga yawan ruwa, a janye tukunyar daga ƙarƙashin indararo. Abin da ke ruɗar mutane shi ne yasmin da saiwarsa ta ruɓe yana yin yaushi kamar mai ƙishi, sai a ƙara masa ruwa a ƙarasa shi. Idan ganye ya langaɓe alhali ƙasa na jiƙe, a zare shukar a duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya baƙa ce mai yauƙi da ɗoyi. A yanke ruɓaɓɓen, a sake sabuwar ƙasa, a ajiye a inuwa mako biyu.

Ruwan wanki mai omo ko bilic ba na shuka ba ne, amma ruwan alwala da aka tara a roba ya yi daidai. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu na da gishiri da kanwa, za a gane idan farin ɓawo ya fito a bakin tukunya, ko sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore. Irin wannan ƙasar ta hana shukar jan sinadarin ƙarfe ne. A wanke ta da ruwan sama mai yawa ya ratsa ya fita, a kankare saman ƙasar a sa sabon ruɓaɓɓen taki. Farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya kuma a riƙa zubar da ruwansa kullum, domin sauro na iya ƙyanƙyashewa ya tashi a ruwan da ya kwanta mako ɗaya zuwa kwana 10.

Takin zamani kaɗan yake buƙata. Murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15, kimanin giram 5, ya ishi tukunya mai faɗin santimita 30 a wata. A binne shi ta gefen tukunya nesa da kara, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bi da ruwa. A dakata a Disamba da Janairu. Yuriya zalla ganye take sawa, fure ya yi ƙaranci.

Yasmin ba ya kama bango da kansa, sai an ɗaura shi. A kafa sandunan gora 3 a bakin tukunya a haɗe kansu, don karan dawa gara na cinye shi, rodi kuma yana zafi a rana. A naɗa reshen yana kewaya sandunan, kada a miƙar da shi sama tsaye, domin reshen da ya kwanta ya fi fitar da 'yan rassa, kuma a kan sabon toho fure yake fitowa. A ɗaure da yankin tsumma sako-sako. Wannan ne ma dalilin aski: duk reshen da ya gama fure a rage shi da gaɓa 2 ko 3, a yanka dab da saman gaɓa. Babban aski kuwa sau ɗaya ne a shekara, wajen ƙarshen Fabrairu da sanyi ya fara sauka, a cire busassun rassa a rage kashi ɗaya cikin uku na tsawon sauran. Mutane na jin tausayin yanka, amma yasmin da ba a aske shi ba dogayen bulali yake zama.

Ƙwari biyu ne suka fi damunsa. Da hunturu, ƙura da bushewar iska na kawo wani mitsitsin jan gizo da ke zama bayan ganye, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ya koɗe, a ga siririyar yana a tsakanin rassa. Wanke bayan ganye da ruwa sau biyu a mako yana hana shi kafuwa. Na biyu farin ƙwaro ne mai kama da ɓarɓashin auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye yana tsotsar ruwan shuka, kuma duk inda aka ga tururuwa na hawa da sauka a duba, yana nan. Maganinsu na bakin ƙofa: a daka ƙwayar 'ya'yan dogon yaro giram 50, a jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan gutsuren sabulu, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye, a maimaita bayan kwana 7 har sau uku. Kada a kuskura a fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a kan shukar da ke inda yara ke wasa ake kuma girki.

Samun sabon dashe ba sai an kashe kuɗi ba. Da farkon damina, wajen Yuni zuwa Yuli, a yanko reshen da ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, tsawon santimita 10 zuwa 15 mai gaɓa 3 ko 4, da sabuwar reza. A cire ganyen ƙasa, a rage na sama rabi, a binne gaɓa 2 cikin yashi mai danshi, a kifa masa gorar ruwa da aka yanke gindinta, a ajiye a inuwa mai haske. Saiwa kan fito cikin mako 4 zuwa 6. A dasa guda 5 ko 6 a lokaci ɗaya, don ba duka ke kamawa ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a lanƙwaso dogon reshe yana jikin uwarsa, a ɗan kankare ɓawon a ƙarƙashin wata gaɓa, a binne wurin a wata tukunya a danne da dutse. Bayan kamar wata biyu a ɗan ja a hankali, idan ya riƙe ƙasa a yanke shi daga uwar, a bar shi a inuwa kwana 10 kafin a fara fito da shi hantsi.