Katidiral: ba girman gini ke kawo sunan ba

Tun jana'izar Sarauniya Elizabeth a watan Satumba na 2022, da naɗin Sarki Charles a Mayun 2023, kalmar "katidiral" ta zauna a bakin masu sharhi. Da an nuno tsohon cocin Ingila mai hasumiya, sai ka ji an ce ga katidiral. Westminster Abbey, cocin Landan inda aka yi taron biyu, ya fi kowa shan wannan suna, alhali ba shi ba ne. Ya taɓa samun bishop nasa, wato babban limamin da ke shugabantar majami'un yanki guda, daga 1540 zuwa 1550, yau kuwa kai tsaye yake ƙarƙashin sarki. Akwai wani ginin daban na 'yan Katolika, can gaba kaɗan, wanda shi ne Katidiral na Westminster.

Asalin kalmar kujera ce. "Kathedra" da Girkanci wurin zama ne, kuma cocin da aka ajiye kujerar bishop a cikinsa shi ne katidiral, ko da ɗan mitsitsi ne. Kamar yadda faɗin masallaci bai mayar da shi na Juma'a ba, haka nan tsayin hasumiya ba ya ba coci wannan matsayi. Sauran, dubbai, cocin "farish" ne, wato na unguwa ko na ƙauye, inda ake yi wa jariri baftisma, a ɗaura aure, a binne mamaci.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kuskuren yana ƙwace wa mutanen gari aikinsu ya miƙa wa bishop. Dubi Lavenham, wani ƙaramin gari a yankin Suffolk. Cocinsa na Bitrus da Bulus yana da hasumiya mai ƙafa 141, an lulluɓe ta da dutsen ƙyastu baƙi wanda aka fasa aka jera, tagoginsa dogaye har bangon ya kusa zama gilashi zalla. Wanda bai sani ba zai rantse katidiral ne. Babu bishop ɗin da ya taɓa kafa kujera a ciki. Kuɗin ulu ne ya gina shi tsakanin 1485 da 1525, lokacin da shuɗin yadin garin ya mayar da shi ɗaya daga cikin garuruwa mafiya arziki a ƙasar. Attajirin tufafi Thomas Spring da basarake John de Vere ne suka fi zuba dukiya, kuma ba su yi kawaici ba: tambarin gidan Spring da tauraron gidan de Vere suna nan sassaƙe a jikin dutse, ko'ina ka ɗaga kai. Ibada ce ko nuna isa? Ni dai ina ganin duka biyun, kuma na biyun ya ɗan rinjaya.

Shiga ciki ka ga abin da ya fi wannan. A dokar wancan zamani, ɓangaren gabas inda bagade yake nauyin limamin da ke karɓar ushirin gona ne, babban zauren da jama'a ke taruwa kuma nauyin mutanen gari. To a Lavenham zauren jama'a sabo ne fil a ma'aunin lokacin, dogo, haske ta ko'ina, ɓangaren liman kuwa an bar shi yadda yake tun ƙarni na 14, gajere, kamar an manna shi. Ginin da kansa yake faɗa maka wa ya buɗe aljihu. A Long Melford, maƙwabcinsa, har sunayen masu bayarwa aka rubuta a bango ta waje, ana roƙon a yi wa rayukansu addu'a.

Wani lokacin kujerar ce ke zuwa daga baya. Da masana'antu suka cika birane da jama'a, aka ƙirƙiro sababbin dayosis, wato yankunan da kowanne ke da bishop nasa, sai aka ɗauki cocin gari aka saka masa kujera: Manchesta a 1847, Newcastle a 1882, Chelmsford a 1914. Ranar da Chelmsford ya zama katidiral, ginin nan ne dai na jiya, kuma hasumiyarsa ba ta kamo ta cocin Boston da ke Lincolnshire ba, wanda har gobe na farish ne.