Ɗalibai, Don Allah Ku Daina Gudun Sikeli

Ƙannena 'yan jami'a, duk sanda muka kafa teburin awo a makaranta layin gwajin hawan jini cika yake, amma ana cewa a hau sikeli sai a fara zamewa, wannan ta ce tana da lakca, wancan ya ce ai jikinsa na gado ne lafiyarsa ƙalau.

Na san kunya ce, kuma ban ga laifinku ba. Wa zai so a auna shi a bainar jama'a a faɗi lambar da ƙarfi, gobe 'yan hostal su laƙaba masa ɗan lukuti? To haƙƙinku ne a auna ku bayan labule, mace ta auna mace, a rubuta a kati a miƙa maka shiru. In ba a yi haka ba ku nema.

Amma ƙin awon ba ya rage ko kilo ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ƙiba mai yawa, kuma ƙibar ce ke share wa ciwon suga da hawan jini hanya, su kuwa shiru suke shigowa ba ciwon kai ba komai. Lissafin gane ƙiba ma ba wuya: raba nauyinka da tsawonka, abin da ka samu ka sake raba shi da tsawon. Mai kilo 85 da tsawon mita 1.65 zai samu 31, alhali daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 an shiga ƙiba.

Ku duba yadda muke wuni mana, ba karin kumallo, zaman lakca tun safe, daga hostal zuwa aji ma sai an hau adaidaita, ƙarfe sha ɗayan dare a wajen mai shayi Indomie biyu da ƙwai uku a kora da lemon kwalba a kwanta. Robar Coke ɗaya ta santilita 50 ta kai giram 50 na suga, wato kason wuni guda kenan gaba ɗaya. Tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar a sati tana taimakawa sosai.

Ƙannena mata masu shan sha-ka-fashe don a ciko kafin biki, wannan ya fi damuna wallahi. Wasu ƙwayoyin wani magani ne mai ƙarfi da ake kira dexamethasone, kumburi suke sawa, su tada suga da jini. Mai sha kar ta yanke lokaci ɗaya, akwai haɗari, ta zo asibitin makaranta a rage mata a hankali.