Ligan da haɗaɗɗun sinadaran ƙarfe

Ligan shi ne molekul ko ayon (atam ko molekul mai cajin lantarki) da ke miƙa wa atam ɗin ƙarfe elektron biyu, su zama igiyar da ta ɗaure su tare. Ƙarfen yana tsakiya, ligan suna kewaye da shi, kuma gamayyarsu ake kira haɗaɗɗen sinadarin ƙarfe. Ruwa da amoniya da ayon ɗin kulorayid duk ligan ne, domin kowannensu yana da elektron biyu da bai yi amfani da su ba. Yawancin ƙarafa kan riƙe ligan 4 ko 6.

Alfred Werner na Jami'ar Zurich ne ya warware tsarin a 1893. Kafin shi, masana sun rasa gane dalilin da ƙarfen kobalt da kulorin da amoniya ke ba da gishiri iri-iri masu launi daban. Mai amoniya 6 ruwan ɗorawa ne, mai 5 shunayya, mai 4 kuwa kore ko shunayya. In aka zuba musu naitiret na azurfa, sai azurfar ta kama kulorin, farin gari ya kwanta a gindin kwalba: na farko ya saki kulorin 3, na biyu 2, na uku 1 tak, alhali kowanne 3 gare shi. Werner ya ce kobalt gurbi 6 yake da shi a kewayensa. Inda amoniya ba ta cike ba, kulorin ne ke shiga ya maƙale, wanda ya rage a waje shi kaɗai azurfa ke kamawa. Bai taɓa ganin atam ba, lissafi da launi da sakamakon gwaje-gwaje ya bi. An ba shi kyautar Nobel a 1913.

Jinin mutum ma da wannan tsarin yake aiki. A haemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, naitirojin 5 ne ke riƙe da atam ɗin ƙarfe, gurbi na shida na iskar oksijin ne. Kabon monokzayid yana kama gurbin nan da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye, abin da ya sa hayaƙin janareto ko gawayi, mai ɗauke da shi, ke kisa a rufaffen ɗaki.

Akwai ligan da ke damƙe ƙarfe ta wuri biyu ko fiye, kuma riƙonsu ya fi wuyar kwancewa. Wani ligan da ake kira EDTA ta wuri 6 yake kamu. Likitoci na amfani da irinsu wajen janye ƙarfe mai guba daga jiki. Lokacin da gubar dalma ta ɓarke a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, maganin DMSA, wani irin wannan ligan, aka riƙa ba yara su sha, ya kama dalmar ta fita ta fitsari.